Daba da Sa-kai: Yadda Rukunoni Suka Rufe Ƙofa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

A watan Maris na 2014 mahara a kan babura suka afka wa Maigora da Sabon Layin Galadima da Unguwar Doka da wasu ƙauyuka na ƙasar Faskari da Sabuwa, suka kashe mutanen da mazauna wurin suka ƙidaya sun haura 100. Masu sharhi na lokacin sun ɗauki abin a matsayin ta'asar ɓarayin shanu, wadda za ta wuce da zarar an turo sojoji. An turo sojojin. An yi sulhu, ya rushe, an sake yin wani. An rufe kasuwanni, an katse layukan waya. Duk da haka manomin Ƙanƙara ko na Dungun Mu'azu sai ya yi dogon lissafi kafin ya nufi gonarsa ta nesa. Waɗannan ƙananan hukumomi uku, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda jama'arsu ta haura rabin miliyan tun a ƙidayar 2006, suna jingine da dazuzzukan da suka haɗe Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, shi ya sa ake saurin ɗora wa daji laifi. To amma dajin yana nan tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya shi ne yadda mutane suka rarrabu rukuni-rukuni, da kuma idon da kowane rukuni yake kallon ɗan'uwansa da shi.

Bayani biyu ne suka fi yawo a bakin jama'a. Wasu su ce faɗa ne tsakanin Hausawa da Fulani, wasu su ce talauci ne da jahilci. Kowanne yana da ƙamshin gaskiya, amma babu wanda ya amsa tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa sai yanzu? Hausawa da Fulani sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune tare a ƙasar Katsina, talauci kuma ba jiya ya sauka ba. Matsayata a wannan maƙala ita ce, rukuni ba ya zama abin tsoro don kawai ya samu. Yakan zama abin tsoro ne ranar da mutum ya wayi gari ba shi da wani wurin jingina sai shi, a nan yake samun abinci, a nan yake samun kariya, a nan yake samun mutunci. Rikicin kudu maso yammacin Katsina labari ne na yadda aka tsinke alaƙoƙin da a da suke ratsa rukunoni, har rukuni biyu masu makami, daba da sa-kai, suka haɗiye sauran.

Masana zamantakewa sun daɗe da sanin cewa ɗan Adam ba ya buƙatar babban dalili kafin ya ware "mu" da "su". Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya lura cewa mutanen karkara waɗanda ba su da ganuwa, ba su kuma da dakarun sarki, ba abin da ke tsare su sai asabiyya, wato kishin juna da ke sa mutum ya tsaya wa nasa ko da ransa ne. William Sumner ya ƙara da cewa, a littafinsa na 1906, zumuncin cikin gida da ƙiyayyar bare tare suke girma. Henri Tajfel kuwa, a farkon shekarun 1970 a birnin Bristol na Ingila, ya raba 'yan makaranta gida biyu a kan dalilin da bai taka kara ya karya ba, wai wane mai zane ne ya fi burge su, sai ga shi kowane yaro yana fifita ɗan rukuninsa wajen rabon lada, alhali bai ma san ko wane ne ba. Wannan ya nuna son nawa-nawa yana cikin jinin kowa. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai nazari ita ce, mene ne yake taka wa wannan hali birki a yawancin lokuta, har mutane mabambanta su shekara ɗari ba su yi yaƙi ba?

Amsar da ta fi gamsar da ni ta Max Gluckman ce, wanda ya yi nazarin al'ummomin Afirka a tsakiyar shekarun 1950. Ya ga cewa inda ake zaman lafiya ba wai babu saɓani ba ne. Abin da ke faruwa shi ne biyayyar kowane mutum a rarrabe take: abokin gabarka a rigimar gona surukinka ne ta wajen aure, kuma abokin cinikinka ne a kasuwa. Idan faɗa ya taso, akwai mutane da yawa da za su yi asara ta kowane ɓangare, su ne kuwa masu hanƙoron a sasanta. Kamar saƙa ce: zaren tsaye shi ne dangi da ƙabila, abawa ita ce hulɗar da ke gittawa, kuma in an zare abawa babu sauran zane, sai zaruruwa kowanne a tsaye shi kaɗai.

Zamantakewar ƙasar Hausa cike take da irin wannan gittayya. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina ta kuma buga littafinta a 1972, ta bayyana gandu da gayya da bashi da kyauta da ke ɗaure magidanta da juna. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa aka buga a 1954, ta nuna yadda ƙawance da riƙon 'ya'ya da biki suke haɗa gidajen da ba jini ɗaya ba. Bahaushen ƙauye ɗan gandu ne, ɗan unguwa ne, ɗan wata sana'a ce mai sarkinta, almajirin wani malami ne, ɗan adashi ne, yana kuma da majalisar da yake zama da yamma. Ba rukuni ɗaya ne ya mallake shi ba.

Abin da ya fi shafar batunmu shi ne gittayyar da ke tsakanin gari da ruga, kuma ya kamata a dube ta da kyau. Idan kaka ta yi, an yanke dawa an ɗaure dammuna, makiyayi yakan zo wurin manomin da ya saba sauka a gonarsa. Ba baƙo ba ne, wataƙila ma ubansa a gonar uban wannan manomi yake sauka. Shanu su ci kara da ganye, da dare su kwana a gonar, bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancinsu gaba, haka-haka har taki ya game ko'ina. Mai gona ya ba da dami ɗaya ko biyu, wani lokaci har da goro da gishiri. Matar makiyayi ta shigo gari da ƙwaryar nono, ta sauke a gidan nan, ta yi salla a ɗakin uwargida, ta karɓi hatsi ko dusa ta koma. In manomin ya sami rarar kuɗin auduga, wadda ƙasar Daudawa ta yi suna da ita, sai ya sayi maraƙi ya ba makiyayin kiwo. Daga nan dukiyar Bahaushe tana cikin garken Bafulatani, abincin Bafulatani kuma yana cikin rumbun Bahaushe. Ranar da shanu suka yi ɓarna, kuma sukan yi, sai mai unguwa ya aika a kira arɗo, a taka zuwa gonar, a duba iyakar abin da aka ci, a yanka diyya. Sau da yawa mai gona yakan yafe wani abu, saboda ya san baɗi ma yana son takin.

Ba ina cewa zamanin nan aljanna ba ne. An zalunci makiyaya a gaban wasu alƙalai, an kuma cinye gonakin talakawa ba a biya ba. Amma mai son a yi faɗa da ruga gaba ɗaya dole ya fara shawo kan maƙwabcinsa wanda sansa yake can, mai son a ƙona gari kuma dole ya fara shawo kan uwarsa wadda ƙawarta take ciki.

Yadda wannan alaƙa ta saki ba makircin kowa ba ne, wani ɓangarensa ma alheri ne ya jawo shi. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya game gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Shirin ya kawo takin zamani mai rahusa, da ingantaccen irin masara, da garmar shanu, da hanyoyin karkara, kuma shi ne ya taimaka wajen mayar da yankin rumbun masara. Sai dai manomin da ya sami buhun taki ya rage buƙatar kashin shanu. Wanda ya sayi shanun huɗa kuma ya fara kwashe karansa da harawarsa ya kai gida, ko ya sayar. Abin da a da kyauta ne tsakanin aminai ya koma haja. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali, noman rani ya kewaye mashaya, filayen kiwon da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta yi tanadin keɓewa suka yi ta zaizayewa. Annobar bushiya ta 1983 ta ƙara raunana garke da yawa.

A cikin shekarun 1970 ɗin ne kuma aka soke jangali, aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya rage ikon hakimai da dagatai, sannan dokar filaye ta 1978 ta mayar da ikon ƙasa hannun gwamna da ƙaramar hukuma. Jangali haraji ne mai nauyi, an kuma sha cin zalin makiyaya wajen karɓarsa, ba na kewarsa. Amma ya sa sunan makiyayi yana cikin littafin hukuma, ya sa hakimi yana da dalilin son ruga ta zauna a ƙasarsa, ya kuma ba arɗo matsayi na mai shiga tsakani. Da aka cire shi ba a sa komai a gurbinsa ba. Makiyayi ya koma mutumin da hukuma ba ta tunawa da shi sai ranar da aka kai shi ƙara, ranar da kuwa yakan sayar da saniya kafin ya fito.

James Fearon da David Laitin, a wani nazari na 1996, sun nuna cewa al'ummomi biyu masu maƙwabtaka suna da hanya biyu ta magance laifin da ɗan wancan ɓangare ya yi wa ɗan wannan. Ko dai a bar wa shugabannin mai laifi su zaƙulo shi su hukunta shi, tunda su suka san nasu, ko kuwa a ɗora laifin a kan duk wanda ya yi kama da shi. Hanya ta farko ita ce aikin arɗo da mai unguwa. Idan ta mutu, ta biyu ce take maye gurbinta, ita kuwa ba ta da ƙarshe, domin kowane hukunci yana faɗa wa marar laifi, kowane marar laifi kuma yana da 'yan'uwa.

Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, a binciken da ya gabatar a 2021, ya kai asalin ƙungiyoyin 'yan bindiga na wannan yanki zuwa wajen 2011 a Zamfara. Abin da ake yawan mantawa shi ne, waɗanda satar shanu ta fara talautawa Fulani ne makiyaya. Saurayin da aka kore garken ubansa ba shi da gona, ba shi da takardar makaranta, ba shi da sadakin aure, kuma duk tarbiyyar da ya samu ta kiwo ce. In ya shiga gari a ce masa ɓarawo, in ya zauna a daji ɓarayin su ce ko ya bi su ko ya ba da abin da ya rage. Daba ta ba shi bindiga da babur da abokai da suna.

Daba ba ƙungiya ɗaya ba ce mai shugaba ɗaya, kuma rashin fahimtar wannan ya ɓatar da manufofi da yawa. Sansanoni ne barkatai, kowanne da ubangidansa, ana kiran mayaƙan da "yaran wane". Abin da ke riƙe yaro shi ne kason da yake samu, da bindigar da aka ba shi aro, da dangantakar jini ko ta aure, da kuma tsoro. In yaro ya tara abin sayen bindigogi nasa, sai ya ɓalle ya kafa tasa dabar. Shi ya sa shugabanninsu da dama suka mutu a hannun juna. Buharin Daji a watan Maris na 2018 Dogo Giɗe ne ya kashe shi, wanda a da tare suke. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, aka sako 344 daga cikinsu ranar 17 ga wata, ya miƙa makamai a Gusau a watan Fabrairu na 2021 har da rantsuwa da Alƙur'ani. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, aka kuma kashe shi a faɗa da wata dabar. Ana iya karanta labarinsa a matsayin na mayaudari kawai. Ni ina ganin har da wani abu: mutumin da duk girmansa a cikin daba yake, in aka fito da shi gari shi kaɗai, ba shi da kowa. Lewis Coser, a 1974, ya yi bayanin ƙungiyoyi masu haɗama, waɗanda ba sa yarda ɗansu ya raba biyayyarsa da kowa, suna kuma tsinke duk wata alaƙarsa ta waje don kada ya sami wurin komawa. Yaron da aka sa ya yi kisa a ƙauyen da aka san fuskarsa, an rufe masa ƙofar gari har abada, ubangidansa kuma ya san haka.

A ɗaya ɓangaren, sa-kai ma ba daga mugunta ya faro ba. Gari ne ya gaji. An kore shanun huɗa, an ɗauke matar wani, an kai ƙara ba a ga komai ba. Bayan sallar isha'i magidanta su taru a ƙofar gidan mai unguwa, a yanke cewa kowane gida ya ba da saurayi ɗaya, wanda ba shi da saurayi ya ba da kuɗi. A sayi fitilu da albarushi, a kai wa maƙeri aikin bindigar toka, a nemo layu da guraye, a raba dare kashi-kashi. Wanda ya taɓa kwana a garin da ake jiran hari ba zai raina waɗannan samari ba. Da yawansu sun mutu suna tsaron iyayensu, akwai kuma garuruwan da ba don su ba da tuni sun tashi. Mutanen yankin sukan bambanta 'yan banga, waɗanda hukuma ta san da su kuma suke miƙa wanda suka kama ga 'yan sanda, da 'yan sa-kai, waɗanda sukan yanke hukunci da kansu. A nan ne ɓarnar take.

Masana halayyar rukuni, tun daga binciken Serge Moscovici da Marisa Zavalloni na 1969, sun tabbatar da cewa idan masu ra'ayi ɗaya suka keɓe suna tattaunawa, sukan tashi da matsayin da ya fi na kowannensu tsauri. Haka abin yake a zaman 'yan sa-kai. Wanda ya ce a bincika tukuna, a ce masa matsoraci. Wanda ya ce ya san wannan Bafulatanin, ba ɓarawo ba ne, a fara yi masa kallon infoma. Wannan zargi na infoma shi ne ya fi kowane abu lalata zaman ƙauyukanmu, domin ya mayar da tsohuwar amana laifi. Dattijon da a da ake alfahari da shi saboda yana da aminai a ruga, wanda shi ake aikawa in an sami saɓani, yau shi ne abin tuhuma. Can a daji ma haka: makiyayin da aka ga yana yawan shiga gari, daba ta ce shi ke kai rahotonta. Mutanen tsakiya, waɗanda Gluckman ya ce su ne masu kashe wuta, an buge bakinsu ta kowane ɓangare. Sa'annan duk Bafulatanin da aka tare a hanyar kasuwa aka kashe ba tare da shari'a ba, an ba daba sababbin mayaƙa daga cikin ƙannensa. Duk ƙauyen da daba ta ƙona, ta ba sa-kai hujja da sababbin masu ba da gudummawa. Kowannensu da ɗan'uwansa yake rayuwa.

Akwai wani abu mai ciwo da ya rushe bayanin ƙabilanci daga tushe. Hulɗa tsakanin gari da daji ba ta mutu gaba ɗaya ba. Akwai masu kai man fetur da burodi da ƙwayoyi, akwai masu sayen shanun sata, akwai infoma na gaskiya da ke nuna gidan da aka sayar da masara, kuma da yawansu 'yan gari ne. Wato alaƙar halal ce ta tsinke, ta haram tana nan da ƙarfinta. Mai gaskiya yana tsoron gaida tsohon amininsa, mai laifi kuwa yana da lambar wayar kowa.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna matakan hukuma. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da waɗannan uku, ta hana sayar da fetur a jarka, daga baya kuma aka katse layukan waya. Manufar a fili take, a toshe wa daba hanyar abinci da kuɗi, kuma an ɗan ga sauƙi na wani lokaci. Amma kasuwa irin ta Sheme ba wurin ciniki ba ce kawai. Ita ce wuri na ƙarshe da makiyayi mai gaskiya yake haɗuwa da dillalinsa Bahaushe, ya ji labarin gari, a ji nasa. Da aka rufe ta, mai bindiga ya nemi wata hanya, marar bindiga kuwa ya koma dogaro da mai bindiga. A cikin watan Agustan ne dai Gwamna Masari ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. Na fahimci ɓacin ran da ya sa shi faɗin haka, amma ma'anarsa ita ce hukuma ta miƙa wa rukuni aikin da ita kaɗai ce za ta iya yinsa ba tare da son kai ba.

Sai batun sulhu. An yi shi a Ƙanƙara a watan Janairu na 2017, aka miƙa makamai a bainar jama'a. An sake yi a watan Satumba na 2019, gwamna da kansa ya je Ɗankolo a ƙasar Sabuwa ya zauna da shugabannin daji. Kafin tsakiyar 2020 ya fito ya ce an ci amanarsa, a watan Yuni na shekarar kuma aka kashe mutane gommai a Kadisau ta Faskari. 'Yan sandan Katsina suka ɗora harin a kan Ado Aleru, suka sa ladar naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama shi. A watan Yuli na 2022 masarautar 'Yandoton Daji a Zamfara ta naɗa shi Sarkin Fulani, abin da ya jawo aka dakatar da sarkin da ya yi naɗin. A 2025 an sake shiga wani zagayen sulhu, wannan karon da sunan al'ummomi da ƙananan hukumomi, aka kuma ga masu bindiga sun zo wurin taro da makamansu a kafaɗa.

Ba zan zargi manomin da ya yi murna da sulhu ba. Wanda ya shekara uku bai noma gonarsa ba, in an ce masa bana zai noma, ba shi da lokacin jin bayanin masana, kuma ran da aka tsirar ko ɗaya ne ba ƙaramin abu ba ne. Abin da nake cewa shi ne, sulhun da aka ƙulla da shugabannin daba kaɗai yana da lahani biyu da suke cikin gininsa. Na farko, shugaban ba ya iya ɗaure yaransa, domin biyayyarsu a kan kaso take. Ranar da ya daina kawo ganima, wani zai janye su. Na biyu ya fi muni: zaman yana tabbatar wa duniya cewa mai bindiga shi ne wakilin Fulani. Arɗon da ya riƙe mutuncinsa, ya ƙi shiga daji, ya yi asarar garkensa, yana gefe yana kallo ana shimfiɗa wa wanda ya talauta shi darduma. Yaran ruga ma suna kallo, suna kuma koyon abin da ke sa a saurari mutum.

Gwajin da Muzafer Sherif ya yi a 1954 a jihar Oklahoma ta Amurka yana da amfani a nan. Ya raba yara 22 gida biyu a wani sansani, ya sa su gasa har suka tsani juna. Da ya zo sasanta su, ya tarar haɗa su cin abinci wuri ɗaya ba ya ƙara komai sai faɗa. Abin da ya yi aiki shi ne matsalar da ta shafi kowa wadda rukuni ɗaya ba zai iya magance ta shi kaɗai ba: ruwan sansanin ya yanke, motar abinci ta ƙi tashi sai an taru an ja ta. Ashutosh Varshney ya sami makamancin haka a biranen Indiya a littafinsa na 2002: inda Hindu da Musulmi suke cikin ƙungiyoyin kasuwa da na sana'a tare, jita-jita takan mutu kafin ta zama tarzoma. Taron yini ɗaya da ɗaukar hoto ba ya haifar da irin wannan. Abin da ke haifar da shi shi ne rijiyar da ake kula da ita tare, da ƙungiyar dillalai mai 'yan gari da 'yan ruga, da allurar dabbobi, da makarantar da ɗan manomi da ɗan makiyayi suke zama a benci ɗaya.

Za a ce wannan duk neman uzuri ne ga masu kisa. Ba haka ba ne. Wanda ya kashe rai, ko ya yi wa mace fyaɗe, ko ya karɓi kuɗin fansa, mai laifi ne shi da kansa, kuma hukunta shi da sunansa shi ne ginshiƙin duk abin da nake faɗi. Hukuncin da ke bin mutum ɗaya-ɗaya shi ne kishiyar hukuncin da ke bin ƙabila. Ranar da Bafulatani ya ga an gurfanar da ɗan sa-kan da ya kashe ƙanensa a hanyar kasuwa, Bahaushe kuma ya ga an gurfanar da wanda ya ƙona masa rumbu maimakon a naɗa shi sarauta, ranar ce kowannensu zai fara samun wurin kai kuka wanda ba rukuninsa ba. Ƙarfin soja yana da muhallinsa, amma soja ba ya iya bambance makiyayi da ɗan daba in babu wanda zai gaya masa, mai gaya masa kuwa sai ya tabbata ba za a haɗa da shi ba.

Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, da matasa sama da 1,400 a rukunin farko, yunƙuri ne na mayar da sa-kai ƙarƙashin doka, da horo da albashi da wanda za a tuhuma in an yi ba daidai ba. Wannan ci gaba ne. Amma in mutanen ruga suka ɗauke ta a matsayin sa-kai mai kaki, to ba a fita daga da'irar ba. Ma'aunin nasararta ba yawan waɗanda ta kashe ba ne kaɗai, har da yawan 'ya'yan makiyaya da ke cikinta, da kuma ko matar ruga za ta iya tsayar da jami'inta ta kai masa ƙara.

Kirana ga hakiman yankin, wato Sarkin Pauwan Katsina da Sarkin Yamma da Kogo, da shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da malamanmu masu hawa mumbari: a dawo wa arɗo da mai unguwa da aikinsu na duba ɓarna da yanke diyya, a ba shi ƙarfin doka. A fitar da burtali da mashaya a gaban kowa, a sa musu alama. A hana kashe mutum da sunan infoma, a kai shi kotu. A buɗe wa yaron da aka ja daji yana ƙarami, wanda bai zubar da jini ba, hanyar dawowa wadda ba sai ta hannun ubangidansa ba. In kuma za a sake zaman sulhu, a fara ajiye wurin arɗon da bai taɓa riƙe bindiga ba, da na matar da aka kashe wa miji, kafin a ajiye na mai bindiga.